Auna Matsin Jinin Jijiya a Yaron da Aka Kwantar: Manomita, Monita, Kanula, Sikanin ko Hannu?

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, ɗakunan yara a asibitocin Kebbi da Zamfara cika suke yi da maleriya mai tsanani, amai da gudawa, tamowa da ƙarancin jini. A bakin gado tambaya guda ce ke ta dawowa: a ƙara wa yaron nan ruwa, ko wanda aka ɗaura masa ya riga ya fi ƙarfin zuciyarsa? Daga nan ne maganar awon da ma'aikata ke kira CVP ke tasowa. A nan za a kwatanta hanyoyi biyar na auna shi ko kimanta shi, don a ga wadda ta dace da kowane asibiti.

Kada a haɗa shi da awon jini da ake yi a dantse. Wancan yana auna ƙarfin jinin da zuciya ta tura. Shi CVP yana auna matsin jinin da ke komowa ta manyan jijiyoyi, daidai inda zai shiga ɓangaren dama na zuciya. A yaron da ke numfashi da kansa, lambar da aka saba gani ita ce mmHg 2 zuwa 6 (mmHg ma'aunin matsi ne, irin na awon jinin dantse), wato kusan santimita 3 zuwa 8 na ruwa, domin mmHg 1 daidai yake da santimita 1.36. A riƙe wannan lissafi. Idan nas ta rubuta 8 ba ta faɗi ma'aunin ba, likitan da ya karɓi aiki da dare ba zai san ko abin yana daidai ko ya fara hawa ba.

Kafin a kashe ko sisi, ga abin da lambar ba za ta iya yi ba: ba ta faɗin ko yaro zai amfana da ƙarin ruwa. Lamba ƙasa ba izini ba ce na buɗe ledar ƙarin ruwa. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST, wanda aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, alhali kashi 7.3 ne suka rasu cikin waɗanda ba a ɗura wa ba. Yaran namu masu zazzaɓi mai tsanani irin waɗannan ne. Amfanin CVP ya fi fitowa a wuri biyu: idan lambar ta yi sama sosai tana cewa a tsaya, kuma idan ana bin ta daga awa zuwa awa ana ganin inda ta dosa.

Ma'aunan da za a ɗora kowace hanya a kai

Na farko, haɗarin da yaron zai ɗauka kafin a sami lambar. Na biyu, kuɗi, kuma kuɗi iri biyu ne: wanda asibiti zai biya sau ɗaya, da wanda zai faɗa kan iyaye a kan kowane yaro. Na uku, juriyar kayan a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga kowace kafa, wuta kuma ta ɗauke ba sallama. Na huɗu, wa zai iya yi da ƙarfe biyu na dare lokacin da nas ɗaya ke kula da gadaje da yawa. Na biyar, yaya za a yarda da abin da aka karanta.

Sifiri: inda awo uku ke lalacewa tare

Manomita (bututun awo mai ruwa), monita da awon kanula (allurar roba ta ƙarin ruwa) duk suna dogara da wuri guda a jikin yaro. A kwantar da shi rigingine, a ƙirga zuwa tazara ta huɗu tsakanin haƙarƙari, a bi ta zuwa gefe har ta haɗu da layin da ya sauko daga tsakiyar hammata. Nan ne saitin zuciya, nan ne sifiri, wato inda awo ke farawa. A sa alamar biro a fata domin kowa ya auna daga wuri ɗaya.

Kuskuren santimita 10 a tsayi yana jawo kuskuren kusan mmHg 7, wanda ya fi faɗin lambar lafiya gaba ɗayanta. Kuma santimita 10 ba wani abu ba ne: uwa ta tura filo ƙarƙashin yaro, ko an ɗaga kan gado saboda numfashi, shi ke nan. Idan sifirin na'ura ya sauka ƙasa da zuciya, lamba za ta hau. Idan ya yi sama, za ta faɗi. Ido ba ya daidaita wannan. Ana amfani da ma'aunin daidaito irin na magina, ko a yi dabarar da su maginan ke yi da tiyo: igiyar ƙarin ruwa da aka cika rabi aka lanƙwasa, ruwan bakinta biyu kullum a layi ɗaya yake tsayawa.

Ana karanta lamba a ƙarshen fitar numfashi, yaro yana shiru. Awon da aka yi yaro yana tsala kuka ba awo ba ne. Sau da yawa abin da ya fi kowace dabara shi ne a ce wa uwar, "Inna, zauna nan gefensa, ki ɗora hannu a kansa, minti biyu kawai muke so ya natsu."

Katitar babbar jijiya: farashin shiga

CVP na ainihi yana buƙatar katita, wato siririn bututu da ake zurawa cikin jijiya, wadda bakinta ya kai kusa da zuciya. Ana shiga ta jijiyar wuya, ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ko ta gindin cinya, da dabarar waya da Seldinger ya bayyana a 1953. Ga jarirai da ƙananan yara ana amfani da Fr 3 ko 4 (Fr ma'aunin kaurin katita ne), masu tasowa Fr 5, manya Fr 7. Ta cinya ta fi sauƙin koya, ba ta huda huhu, kuma lambarta tana kusa da ta ƙirji muddin ciki bai kumbura ya ɗaure ba. Matsalarta ita ce wurin da take: yaro mai gudawa zai ɓata ta cikin 'yan awoyi.

Ga sabuwar haihuwa akwai jijiyar cibiya, da katita Fr 5 ga cikakken jariri, Fr 3.5 ga ƙaramin bakwaini. Tsawon da za a tura: nauyi a kilo sau 3, a ƙara 9, a raba biyu, a ƙara 1. Jariri mai kilo 3 ke nan santimita 10. Sai hoton X-ray ya nuna bakin yana saitin ƙashin baya na 8 zuwa 9 na ƙirji kafin a yarda da lamba. Idan ya karkata cikin hanta, lambar ƙarya ce, kuma maganin da aka tura ta nan zai iya ƙona hantar.

Abin da ke iya faruwa ba ƙarami ba ne: huda huhu, huda jijiyar da ke fita da jini, iska ta shiga jini, gudan jini ya toshe jijiya, bugun zuciya ya rikice idan waya ta zurfafa, da uwa uba ƙwayoyin cuta su bi katita su shiga jini. Yaro mai tamowa da fatarsa ke saɓulewa, ko wanda cuta ta hana jininsa daskarewa, haɗarinsa ya fi na kowa. A ganina ba a sa wa yaro katitar nan don neman lamba kawai. Idan yana buƙatarta don adirenalin, ko don jijiyoyin hannu sun ƙare, to awon ya zo a matsayin gyara.

Zaɓi na ɗaya: manomita ta ruwa

Bututu ne mai zanen santimita, da famfo mai baki uku, da ledar ruwan gishiri. Baki ɗaya na leda, ɗaya na bututu, ɗaya na yaro. Ana ɗaure bututun a sandar ƙarin ruwa, sifirinsa a saitin alamar biro.

A fara tabbatar da katita tana gudana, jini yana dawowa idan an ja. A rufe ɓangaren yaro, a cika bututun daga leda zuwa santimita 20 ko 25, ba tare da an jiƙa matacin da ke samansa ba, domin idan ya jiƙe iska ba za ta shiga ba, ruwa kuma ba zai sauka ba. Sai a rufe leda a buɗe tsakanin bututu da yaro. Ruwan zai sauka da sauri, ya rage gudu, ya tsaya yana ɗan rawa sama da ƙasa tare da numfashi. Wannan rawar ita ce shaidar hanya a buɗe take. Idan ruwan ya tsaya cik, katita ta toshe, ta lanƙwashe, ko bakinta ya manne da bangon jijiya. Idan yana tsalle tare da bugun zuciya, bakin ya wuce cikin zuciya, ko kuma ba jijiyar da ake nufi aka shiga ba.

Abubuwa uku ke kawo matsala. Kada a auna ta layin da adirenalin ko fotashiyam ke bi, saboda ruwan bututu zai tura maganin da ke cikin layin gaba ɗaya lokaci guda. Kada a juya baya bututu yana buɗe: yaron da jijiyarsa ta bushe kuma yana jan numfashi da ƙarfi zai iya zuƙe ruwan duka, iska ta biyo baya. Sannan ruwan da ke sauka a kowane awo jikin yaro yake shiga, a rubuta shi cikin lissafin ruwan ranar, musamman ga jariri.

Kuɗinta kaɗan ne, ba ruwanta da wuta, ba abin da ƙura za ta lalata. Nas ta koya a rana ɗaya. Rauninta: ba ta nuna lamba a kowane lokaci, tana jinkiri a katita siririya, tana wuyar karantawa a yaron da ke numfashi 60 a minti, kuma duk juya famfo dama ce ga ƙwayar cuta. Wasu na haɗa tasu da igiyar ƙarin ruwa da rula. Tana aiki, amma bakinta na sama a buɗe yake, don haka sai an rufe shi da abu mai tsabta da ke barin iska ta wuce.

Zaɓi na biyu: tiransdusa da monita

Nan ƙaramar na'ura ce ke mayar da matsin ruwa zuwa lamba da zane a allo. Ana buƙatar monita da ke da wurin awon matsi na cikin jijiya, wayar haɗi, tiransdusa ta amfani ɗaya, bututu mai tauri, da abin da zai riƙa wanke layin. Ana fitar da duk kumfar iska, a saita tiransdusa a alamar biro, a buɗe ta ga iska, a danna sifiri, a rufe. A sauke ma'aunin allo zuwa kusan 0–20, in ba haka ba zanen zai zama layi miƙaƙƙe.

Ita ce ta fi kowace bayar da bayani. Ana ganin lamba kowane daƙiƙa, ga ƙararrawa, ga zanen da ke nuna ko bakin katita yana inda ya dace. Yaron da ke kan na'urar numfashi ko wanda aka fito da shi daga babbar tiyata, wannan ce tasa. A tuna dai na'urar numfashi kanta tana ɗaga lambar.

Akwai tarko guda da ya shafi ƙanana. Jakar matsi mai matse ledar wanke layi, da aka hura zuwa mmHg 300, tana tura mililita 3 a awa, wato 72 a yini. Ga babba ba komai ba ne. Jariri mai kilo 3 a ranar haihuwarsa, abin da aka tsara masa a yini duka bai wuce mililita 180 ba, ka ga kashi 40 cikin ɗari ya tafi a wanke layi. Shi ya sa ake amfani da famfon sirinji a kan mililita 0.5 zuwa 1 a awa, wanda shi ma wata na'ura ce mai cin wuta.

Ba a sayen monita gizo ke saƙar ba. Tiransdusa ana canza ta kowane awa 96, kuma kowane yaro da tasa. Bakin wayar haɗi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ana iya samun monita sabuwa fil a ɗaki da kwalin tiransdusa a sito, amma ba su shiga juna. Duk mai sayayya ya sa dillali ya haɗa su a gabansa, ya kuma tambayi inda za a sami wasu bayan wata shida, da wanda zai gyara idan ta tsaya. Idan amsar ita ce sai an kai Kano ko Legas, a sa wannan cikin farashi. Batirin monita ma zafi na cinye shi, kuma ba sola ko inbata a ɗakin, za ta mutu a daren da aka fi buƙatarta.

Zaɓi na uku: awo ta kanular hannu

Tunda jinin jijiya rafi ɗaya ne daga hannu har zuciya, ana iya haɗa manomita ko tiransdusa da kanula ta yau da kullum, shuɗiya mai lamba 22 ko rawaya mai lamba 24. Lambar kan ɗara CVP da ɗan kaɗan, amma yawanci tana hawa da sauka tare da shi.

Sharaɗin shi ne hanyar ta kasance a buɗe. A miƙe hannu, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, kada filasta ko katakon ɗauri ya matse. A tsayar da ruwan da ke shiga. A matse dantse sama da kanular: lamba ta hau, a saki ta sauka. Idan ba ta motsa ba, kada a rubuta komai. Sifiri yana nan a ƙirji, ba a hannu ba, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure.

Haɗarinta kusan babu, kuɗinta na famfo da bututu ne. Sai dai tana gazawa a yaron da aka fi son ta: mai sanyin hannu wanda jijiyoyinsa suka tsuke, ko wanda kanularsa ta fara kumbura. A ɗauke ta a matsayin mai nuna alkibla. Lamba ƙasa da aka tabbatar tana nuna CVP ma ba ya sama. Lamba sama kuwa sai an bincika.

Zaɓi na huɗu: sikanin

Ana ɗora kan na'ura ƙarƙashin ƙahon zuci, a nemo babbar jijiyar da ke ratsa bayan hanta ta shiga zuciya, a duba ta santimita 1 zuwa 2 kafin mashigar. Siririya mai rufewa fiye da rabi idan an ja numfashi tana nuna matsi ƙasa. Cikakkiya da ba ta motsi tana nuna matsi sama. A yara ana kuma kwatanta faɗinta da na babbar jijiyar da ke kusa da ita mai bugawa, kuma sabon hannu kan rikita su biyun.

Ba ta ba da lambar CVP, kiyasi ne, kuma kuka ko iska a cikin hanji na ɓata hoton. Amma tana nuna abin da babu manomitar da za ta nuna: ruwa ya taru a jakar zuciya, kamar yadda tarin fuka kan jawo, zuciya ta yi rauni, ko huhu ya fara jiƙewa. Ita ce kuma ke sa shigar da katitar wuya ta fi aminci. Tsadarta sau ɗaya ce, bayan nan sai man shafawa. Ƙananan da ake haɗawa da waya sun fi sauƙi, amma wasu suna da kuɗin rajista na shekara, suna zafi idan an daɗe, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti na iya gamawa da su. Koyonta na buƙatar makonni a ƙarƙashin wanda ya iya.

Zaɓi na biyar: ido, hannu da biro

A yaro babba ana kishingiɗar da shi a digiri 45 a duba jijiyar wuya. Idan cikarta ta haura santimita 3 zuwa 4 a tsaye sama da tudun ƙashin ƙirji, matsi ya hau. A jariri wuya gajere ne, wannan ba ya yiwuwa. Hantarsa ce manomitarsa. A lafiya ana iya taɓa gefenta santimita 1 zuwa 2 ƙasa da haƙarƙari. Kafin a buɗe ruwa ko jini, a laluba gefen a ja layi da biro a fatar ciki, a rubuta bugun zuciya da numfashi. Yaron maleriya ko sikila na iya zuwa da hanta babba tun daga gida, don haka saukarta ƙasa da layin ce labari, ba girmanta ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai tamowa mai tsanani da ya shiga shok, wato zagayawar jininsa ta gaza, ta ginu a kan wannan: mililita 15 a kowane kilo cikin awa ɗaya, ana ƙirga bugu da numfashi kowane minti 5 zuwa 10. Idan numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugu ya ƙaru da 15, hanta ta sauko, ko an ji ƙarar ruwa a huhu, a rufe. Yaro mai kilo 8 ke nan mililita 120, ba leda guda ba. Hanyar hannu da biro kyauta ce, ba haɗari, amma tana cin lokacin ma'aikaci, kuma hannu biyu ba sa laluba hanta iri ɗaya.

| Hanya | Kuɗin farko | Kuɗi a kan kowane yaro | Juriya | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Manomita da katita | Kaɗan | Katita tana da tsada | Ba ta buƙatar wuta | Awo da sauƙi, sa katita da wuya | Babba |
| Tiransdusa da monita | Mai yawa | Mai yawa | Sai wuta da mai gyara | Sai horo | Babba |
| Kanular hannu | Kaɗan | Kaɗan | Kanula kan lalace da wuri | Da sauƙi | Kaɗan |
| Sikanin | Mai yawa | Kusan babu | Tana tsoron faɗuwa da zafi | Sai makonni na koyo | Babu |
| Hannu da biro | Babu | Babu | Ba ta lalacewa | Sai ƙwarewa da lokaci | Babu |

Wa ya dace da me

Cibiyar lafiya ta matakin farko da cibiyar kula da tamowa: hannu, biro, agogo, da na'urar auna iskar jini ta yatsa. Kuɗin da za a sa a katita ya fi amfani a buret, wato ɗan mazubin awo da ke jikin igiyar ƙarin ruwa, mai mililita 100 ko 150, wanda ke hana leda guda zubewa cikin yaro idan hankali ya ɗauke.

Babban asibiti na ƙaramar hukuma, irin na Argungu, Yawuri, Zuru, Talata Mafara ko Ƙaura Namoda: idan kuɗin na abu ɗaya ne, sikanin ya fi monita mai tiransdusa, domin ɗakin haihuwa da na gaggawa ma za su ci moriyarsa. A ƙara da famfo mai baki uku da bututun manomita don awon kanula a yaron da ake shakkar zuciyarsa. Mai kwalara da idanunsa suka zurma ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan kafin a fara masa ruwa.

Ɗakin jarirai da ya riga yana sa katitar cibiya kuma yana da hoto a kusa: manomita na iya yi, da lissafin kowane mililita. Inda ba a iya tabbatar da wurin bakin katita, kada a auna ta nan.

Manyan asibitocin Birnin Kebbi da Gusau, inda ake da na'urar numfashi, famfon sirinji da likita a kusa dare da rana: tiransdusa ga duk yaron da ya riga yana da katita saboda magani, da manomita guda a aljihun tebur don daren da wuta ta ɗauke ko tiransdusa ta ƙare a sito. Kowace safiya a zagayen ɗaki a tambaya ko katitar tana da sauran aiki, in babu a cire ta ranar.